Mun Haddace Sidir a Littafi, Mun Kasa Gane Kurna a Fili

 

Ya 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda na ga ya dace in amayar da ita a wannan fili da mujallarmu ta ba mu, ko da kuwa ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Maganar ita ce irin kallon hadarin kajin da muke yi wa ilimin sanin itatuwa da ciyayi da tsuntsaye. Duk lokacin da aka kawo shawarar cewa a cikin rihlar da ake shirya mana lokacin hutu a ware ko da yini ɗaya a fita ƙauyukan Fayyum ko bakin Nilu domin duba tsirrai da tsuntsaye, sai ka ji an bushe da dariya. Wani ya ce shi karatun Shari'a ya kawo shi Masar, ba kiwon awaki ba. Wani ya ce wannan ai aikin 'yan magori ne da mafarauta. Wani kuma, wanda ke ganin ya fi kowa wayewa, ya ɗaga wayarsa ya ce yanzu hoto kawai za ka ɗauka, manhaja ta faɗa maka sunan komai.

To ni ina da ja a kan dukkan maganganun nan uku. Abin da nake son tabbatarwa shi ne: ɗalibin da ya haddace sunan tsiro da Larabci ko da Turanci, amma ba zai iya nuna shi da yatsa a fili ba, to bai gama karatunsa ba. Ranar da ya koma gida aka fara tambayarsa fatawa ko magani, wannan giɓi da ya bari yana iya cutar da mutanen da suka yarda da shi.

Ga mai cewa Shari'a ya zo karantawa

Bari in fara da malam mai Shari'a, tunda su suka fi yawa a cikinmu. Malam, ka karanta babin jana'iza, ka ga an ce a yi wa mamaci wanka da ruwa da sidir. Da aka tambaye ka fassara, nan take ka ce magarya, domin haka ka ji a zaure tun kana yaro. Madalla. To yanzu ka fita kasuwa lokacin da masu kura ke tallar 'ya'yan itacen nan da Misirawa ke kira nabaƙ, wato 'ya'yan sidir, ka sayi na fam biyar ka ɗanɗana. Abin da za ka ji a bakinka kurna ce. Itacen da aka fi sani da sidir a Masar shi ne wanda mu muke kira kurna, ita kuwa magarya 'yar'uwarta ce ta jini. Kowane yaro mai kiwo a Gumel ko Tasawa zai bambance maka su: bayan ganyen magarya fari-fari ne mai laushin gashi, ganyen kurna kuwa kore ne sumul gaba da baya. Ban ce wanda ya yi amfani da magarya ya yi kuskure ba, domin Larabawa na kiran dangin nan duka da sunan sidir. Abin da nake cewa shi ne, malamin da ya shekara shida a Alƙahira ya kamata ya san wannan bayani, yadda in wata rana aka zo masa daga ƙauyen da babu magarya sai kurna, ba zai sa mutane su yi ta yawon nema da gawa a kwance ba.

Haka abin yake a babin aikin Hajji. Mun karanta cewa an hana cire tsirran Harami, amma an togace wata ciyawa mai suna izhir. Mu nawa ne muka san cewa izhir ɗin nan ita ce nobe, ciyawar nan mai ƙamshi da ke fitowa a jigawar ƙasarmu, wadda ake yin jinka da ita? Ga ta nan a shagunan aɗɗarai na bayan Azhar da sunan halfa barr, Misirawa na dafa ta suna sha domin ciwon ƙoda da mafitsara. Mun karanta a babin tsarki cewa ana jeme fata da ƙaraz, alhali ƙaraz ba wani abu ba ne illa 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majeman Kano ke aiki da su tun kaka da kakanni. Mun haddace dabbobin da aka yarda mai harama ya kashe, a cikinsu akwai hid'a da gurab. Hid'a ita ce shirwa mai ɗauke mana 'yan tsaki. Gurab kuwa hankaka ne, amma ku duba na Alƙahira, toka-toka ne da baƙi, namu na gida kuwa mai farin ƙirji ne. Wata ruwaya ta ƙayyade hankakan da mai ratsin fari, kuma malamai sun tattauna a kan haka. Yaya za ka fahimci wannan tattaunawa in kai duk wani baƙin tsuntsu sunansa hankaka a wurinka?

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce kam'a. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim da ke ambaton kam'a da amfanin ruwanta ga ido. Na sha jin 'yan'uwa na fassara ta da naman kaza, wato laimar kwaɗin nan da ke tsirowa a juji da gindin itace da damina, wadda Misirawa ke kira aishul gurab. Wannan fassara na da haɗari. Kam'a a ƙarƙashin ƙasa take girma kamar dankali, ba ta da kara ba ta da laima, tana fitowa a hamada bayan ruwan hunturu, a kusa da saiwar wani ɗan tsiro da Larabawa ke kira raƙruƙ. Larabawan ƙauye na yankin Matruh da Sina'i na haƙo ta, suna kiranta tirfas, mutanen Jazira kuma su ce faƙa'. To ka ƙaddara ɗalibi ya koma gida ya hau kan buzu ya karantar da cewa ruwan naman kaza maganin ido ne, wani bawan Allah ya je juji ya tsinko wadda ya gani ya matsa a idon ɗansa. Alhakin wa?

In kuma har yanzu malam na ganin wannan ba ilimin malamai ba ne, to ya tambayi tarihin garin da yake zaune a ciki. Kamaluddini Addamiri, wanda ya rasu a Alƙahira a 1405, faƙihi ne na mazhabar Shafi'i da ya karantar a cikin masallacin Azhar ɗin nan da muke alfahari da shi. Littafin da ya fi shahara da shi, Hayatul Hayawan, na dabbobi ne da tsuntsaye da ƙwari, yana kawo sunan kowanne da siffarsa da hukuncin cin namansa. Ya san cewa ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Ibnul Baiɗar kuwa, ɗan garin Malaƙa ta Andalus, ƙafa ya sa ya ratsa arewacin Afirka yana tsinkar ganye yana tambayar mutanen kowane wuri sunan da suke kiransa, har ya iso Masar, Sarki Alkamil na Ayyubawa ya naɗa shi shugaban masana tsirrai na ƙasar. Ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya bar littafi mai ɗauke da bayanin magunguna da abinci wajen 1,400. A daidai wannan zamani ne mutanen Kanem suka gina makarantar Ibnu Rashiƙ a tsohuwar Alƙahira domin ɗalibansu, ke nan magabatanmu na farko a wannan gari sun zo ne a lokacin da sanin tsirrai ke da kujera a fada. Kafin su duka, Abu Hanifa Addinawari a ƙarni na 9 ya tattara littafinsa na tsirrai, kuma da yawan abin da ke ciki daga bakin Larabawan ƙauye aka samo shi. A gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon basir. Shin waɗannan duka kiwon awaki suka yi?

Ga mai cewa aikin 'yan magori ne

Shi kuwa ɗan'uwa mai ganin abin na 'yan ƙauye ne, ina so ya duba su wane ne suka ɗauki abin da muhimmanci lokacin da mu muka raina shi. A 1761 wani matashi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Peter Forsskål ya iso Masar a cikin ayarin bincike da Sarkin Denmak ya turo. Ya iya Larabci, ya riƙa bin manoma yana rubuta sunan da suke kiran kowane tsiro. Zazzaɓi ya kashe shi a Yaman a 1763, aka buga littafinsa a 1775. Da Napoleon ya ci Masar a 1798, a cikin ayarinsa akwai masanin tsirrai mai suna Delile. A ƙasarmu kuma wani likitan Turawan mulki, Dakta Dalziel, ya bi kakanninmu yana tambaya yana rubutawa, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Har gobe in ɗan jami'a a Zariya ko Sakkwato na son tabbatar da sunan wani ganye da Hausa, aikin wannan Bature na cikin abin da zai koma wa. Ilimin na tsofaffinmu ne, rubutun na baƙo, mu jikoki kuma muna dariya.

Sakamakon haka, ku dubi sunayen da duniya ta san itatuwan gidanmu da su. Aduwa sunanta na kimiyya Balanites aegyptiaca, wato ta Masar. Goriba ita ce Hyphaene thebaica, an jingina ta ga tsohon birnin Ɗiba, wato Luksor ta yau, kuma ita ce dom ɗin nan da muke shan ruwanta da azumi a Alƙahira, wadda aka samu kwandunanta a kabarin Fir'auna Tutankamun. Bagaruwa na ɗauke da sunan kogin Nilu. Har ƙuduji, wuta-wutar nan da ke ƙone mana gero da dawa, sunanta Striga hermonthica, daga garin Armant da ke kusa da Luksor, inda Delile ya same ta ya siffanta ta. Shamuwa, mai yi mana bushara da damina, a littattafan duniya da sunan wani gwamnan Turkawa na arewacin Sudan a zamanin Muhammadu Ali Basha ake kiranta. Wato dai ƙasar da muke zaune a ciki da ƙasar da muka fito tsirransu da tsuntsayensu 'yan gida ɗaya ne, kuma babu wanda ya fi mu cancantar haɗa sunayensu wuri guda, mu da muke jin Hausa da Larabci. Amma sai ka ga ɗan'uwa ya sayi mulukiyya yana santi, yana cewa abincin Larabawa, bai san lalo ba ne, wanda in an ba shi a gida zai ya tsine fuska. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya ce, ushar da ke bakin hanyar hamada tumfafiya ce, abu ƙirdan da Misirawa ke yi wa kirari da abokin manomi kuwa balbela ce.

Kuma wannan ilimi da ake rainawa ya sha ceton rayuka. A yunwar 2005 a Nijar, mutane da yawa a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da 'ya'yan anza suka rayu. Anza na da ɗaci mai cutarwa, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu. Wa ya san wannan? Tsofaffin mata, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. A yankin Maraɗi ɗin dai, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kututturan da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, in aka bar reshe ɗaya ko biyu aka kula da su za su tashi. Manoma suka rungumi dabarar, kuma an ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Dabarar kuwa ba ta yiwuwa sai ga wanda zai dubi ɗan toho ya ce wannan gawo ne a bar shi, domin yana zubar da ganye da damina ya ba gero taki da haske, wancan kalgo ne, wancan sabara. In wannan shi ne aikin 'yan ƙauye, to Allah Ya ba mu rabonmu a ciki.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu bari in zo inda abin ya fi ciwo. Kowa ya san cewa da yawa daga cikin masu komawa gida daga ƙasashen Larabawa na buɗe shagon abin da ake kira maganin Musulunci. Ba na sukar neman halali, ba na kuma sukar habbatus sauda ko zuma ko hulba. Abin da nake suka shi ne mutum ya shiga kasuwar aɗɗarai ya sayi garin saiwa a buhu, an rubuta masa suna da Larabci a jikin leda, shi bai taɓa ganin tsiron da ransa ba, bai san ganyensa ba bai san furensa ba, ya kai Kano ko Yamai ya ɗura a kwalba, ya liƙa hadisi a jiki ya sayar wa mai ciwon ƙoda da mace mai ciki. Da aka niƙa saiwa ta zama gari, ko gwani sai ya yi da gaske kafin ya gane ta, balle wanda iyakar saninsa sunan da ya gani a littafi.

Kada wani ya ce ina zuzuta abin. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata wani haɗin magani da ke ɗauke da saiwar da aka shigo da ita daga Sin. Ashe an musanya tsiron da ake nufi da wani daban daga dangin Aristolochia, saboda sunayensu da Sinanci sun yi kama. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Wannan fa a tsakiyar Turai ke nan, inda ake da ɗakunan gwaji, kuma musabbabin abin kamannin suna ne kawai. Dangin wannan tsiro na nan a ƙasarmu, shi ne duman dutse da masu magani ke bayarwa. Ɗalibin likitanci ko na haɗa magunguna da ya haddace sunan gubar da Turanci domin jarrabawa, amma bai san ita ce ke cikin duman dutsen da majinyacinsa ke jiƙawa yana sha ba, me karatunsa ya tsinana wa majinyacin?

Ga misali na biyu. Tafasa da rai-ɗore 'yan'uwan juna ne, sau da yawa a juji ɗaya suke fitowa. Tafasa muna kwaɗonta muna ci. Shi kuwa rai-ɗore, a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an shekara da shekaru yara na mutuwa da wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, ana zaton annoba ce, sai a 2007 likitocin ƙasar suka wallafa binciken da ya danganta ta da cin 'ya'yan wannan tsiro da yaran talakawa ke yi. Bambance su kuwa abu ne mai sauƙi ga wanda aka nuna wa sau ɗaya: bakin ganyen tafasa a zagaye yake, na rai-ɗore mai tsini ne. Haka nan zaƙami, wanda sunansa na biyu, haukata-yaro, ya isa gargaɗi. Yana da ɗan'uwa a hamadar Masar da ake kira sakaran, gubarsu iri ɗaya ce. Sanamaki da ake sha domin wankin ciki, ɗan'uwan filaskonmu, in aka daɗe ana shansa yana zuƙe gishirin jiki. Duk waɗannan abubuwa ne da likita da malami za su ci karo da su a unguwarsu, ko sun so ko sun ƙi.

Ga mai waya a hannu

Saura ɗan'uwa mai manhaja. Ni ma ina amfani da ita, kuma tana taimakawa wajen ba ka bakin zare. Amma manhaja da hoto take aiki, ba ta shinshina ganye, ba ta ganin saiwa, ba ta san ko a fadama tsiron yake ko a jigawa ba, kuma abin da aka fi ɗora mata shi ta fi sani, wato tsirran Turai da Amurka. Sannan ko ta faɗa maka sunan Latin daidai, wa zai faɗa maka sunansa da Hausa, wanda da shi ne za ka yi magana da manomi ko majinyaci?

Batun naman kaza ya isa darasi a nan, musamman ga mu baƙi a ƙasar mutane. A watan Satumba na 2015 asibitin koyarwa na Hanoba a Jamus ya fitar da gargaɗi bayan da mutum sama da 30, akasarinsu 'yan gudun hijirar Siriya, suka ci wata laimar kwaɗi mai kisa da suka tsinka a daji, saboda ta yi musu kama da wadda suke ci a ƙasarsu. Wannan nau'i dafuwa ba ta kashe gubarsa, kuma ba ya nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24, mutum ya yi amai da gudawa, ya ga kamar ya samu sauƙi, alhali hantarsa na mutuwa. A ƙasarmu akwai nau'in da ke fitowa a kan suri, wanda Gbagyi da Nufawa suka san shi suke ci lafiya, akwai kuma wata fara mai faɗin laima da ke fitowa a cikin ciyawa, wadda in ka kife ta a kan farar takarda ta kwana za ka ga ta zubar da gari kore-kore, ita kuwa guba ce. Mutanen da suka gāji sanin abin da idonsu sun ruɗu da suka sauya ƙasa, ina ga wanda ya dogara da hoton waya? Ƙa'idar masana ita ce, abin da ba ka tabbatar da shi a hannun wanda ya sani ba, kada ya shiga bakinka.

Abin da ke salwanta muna kallo

Wanda bai san sunan abu ba, ba ya lura da ranar da ya ɓace. Iyayenmu sun taso ungulu na cika mahauta a kowace kasuwa, yau yara da yawa a Kano ba su taɓa ganinta da ido ba. Tun 2015 hukumar kare halittu ta duniya ta sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin kanta da sassan jikinta domin tsibbu na cikin manyan dalilai. 'Yar'uwarta da Larabawa ke kira rahama, wadda Turawa suka jingina wa Masar, daga Turai take tasowa ta ratsa hamada ta yi hunturu a Sahel. Wata da masu bincike suka ɗaura wa na'ura a ƙasar Girka, a Nijar maharbi ya kashe ta a 2014. Gauraka, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, ya kusa ƙarewa a dazukanmu. Malamin da zai hau mumbari ya yi wa mutane wa'azi a kan wannan ɓarna, dole ya fara sanin tsuntsun da yake magana a kai.

Abin da nake nema

Na san za a ce muƙarrar ya yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, aljihu kuma ba nauyi. Gaskiya ne. Amma muna samun lokacin kallon ƙwallo har tsakar dare, muna samun kuɗin zuwa Iskandariyya shan iska. Abin da nake nema bai kai wannan tsada ba.

Na farko, shugabannin ƙungiya su sa fita ɗaya ta duba tsirrai da tsuntsaye a cikin tsarin kowace shekara. Lambun Azhar da aka buɗe a 2005 na nan kusa da Darrasa, alhudahuda na kiwo a cikin ciyawarsa. Wadi Dijla, da aka keɓe a 1999, na bayan Ma'adi ga mai son ganin tsirran hamada. Tafkin Ƙarun a Fayyum na cika da tsuntsayen ruwa da hunturu, irin waɗanda wasunsu ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Na biyu, a nemi wani malami ko ɗalibin digiri na sama daga tsangayar kimiyya ko ta noma ya raka mu. Masar ba ta rasa masana ba: wata 'yar Suwidin, Vivi Täckholm, ta ƙarar da rayuwarta a Jami'ar Alƙahira, ta rubuta wa ɗalibai littafin gane tsirran Masar a 1956, sannan Farfesa Luɗfi Bulus ya fitar da mujalladi huɗu tsakanin 1999 da 2005 a kan tsirran ƙasar, waɗanda suka haura nau'i 2,000. Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, mu buɗe kundi mai layi uku: suna da Hausa, suna da Larabci na littafi da na kasuwa, da sunan kimiyya, tare da hoton ganye da fure da 'ya'ya. Mu fara da tsirrai da tsuntsayen da suka zo a Alƙur'ani da hadisi da littattafan fiƙihun da muke karantawa. Duk wanda ya je hutu gida ya zauna da kakarsa, ko wani makiyayi, ko maharbi, ko unguwarzoma, ya rubuto suna goma, ya rubuta garin da ya ji su, domin sunan Katsina kan bambanta da na Damagaram. 'Yan'uwa mata na da babban rabo a nan, domin ilimin ganyen miya da na jego a hannun iyaye mata yake. In mujallar nan ta ware shafi ɗaya a kowace fitowa, cikin 'yan shekaru za mu tara abin da za a daɗe ana amfana da shi.

Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane ya tafi da nasa kundin a ƙirji. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya fi shi muni shi ne mutum ya ƙi sani kuma ya yi wa mai nema dariya. Wanda ke da hujjar da ta fi tawa, ga fili ga mai doki, shafin mujalla a buɗe yake, ya rubuto raddi. Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da al'ummarmu da abin da muka sani, Ya mayar da mu gida lafiya.